Motar Da Ta Yi Damina Biyu A Ajiye

'Yan uwa masu komawa Khartum da Omdurman bayan gudun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, mu yi maganar motar da aka bari a tsakar gida. Kowa batir yake fara saya, da inji ya tashi sai a yi hamdala. Ni kuwa faifan birki ne ke tsaya min a rai. Ƙarfen da ya sha damina biyu da ƙurar guguwar habub ba ya zama yadda aka bar shi. Tsatsar sama-sama, taka birki kaɗan ke goge ta, amma inda takalmin birki ya manne, tsatsa kan ci rami, shi ya sa sitiyari ke karkarwa in ka taka a gangaren gadar Farin Nilu, ga yara a baya. Bakanike zai ce a fere faifan a inji, ya fi araha. To, a cire taya tukuna: mafi ƙarancin kauri na rubuce a jikin faifan, a milimita. In kaurinsa ya ragu ya kai nan, a sauya na hagu da na dama tare, da sabon takalmi, a zubar da tsohon man birki don yana shan laima.