Fatake, Ku Sako Mana Tauraruwa Mai Wutsiya Cikin Kaya

'Yan uwana fatake na Aflao da Paga da Bawku, yau roƙo ne ya kawo ni gare ku, amma bari in fara da labarin wani marubuci.

A shekarar 1969, wato shekarar da Amurkawa suka taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga wani ɗan littafi na Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya. Labarin wani yaro ne, Kilba, wanda ya gamu da Kolin Koliyo, baƙo daga sararin samaniya, ya tafi da shi yawon duniyar sama. Kafin nan marubutanmu sun saba kai mai karatu ƙasashen al'ajabi, amma ta hanyar aljanu da sihiri, kamar yadda Bello Kagara ya yi a Ganɗoki, ko Abubakar Imam a Ruwan Bagaja. Shi kuwa Dembo sai ya ɗauko abin da duniya ke zance a kai a lokacin, ya zuba shi cikin Hausar da yaro zai gane. Shi ya sa ake lissafa littafin cikin na farko a ƙagaggun labaran kimiyya na Hausa.

A watan Nuwamba na wannan shekara ce gwamnatin Busia ta ba da dokar korar baƙi, zangonni suka watse. Dattawanmu ba su manta ba. A ganina, lokacin da ya kamata littafin ya iso Kumasi, masu kawo shi na ta ɗaure kaya ne. Na bi samari a Oforikrom da Aboabo ina tambaya, ban sami ko ɗaya da ya taɓa jin sunansa ba.

Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce mini, "Malam, ai wannan ƙarya ce, me yaro zai ƙaru da ita?" Na ce, Baba, Gizo da Ƙoƙi ma ba su taɓa sayen goro a Kejetia ba, amma da su aka yaye mu. Kuma yaranmu ba su daina son irin wannan labari ba, ga su can suna kallonsa a waya da Turanci. Hausar tana bakinsu, amma miƙa wa yaro takarda ka ce ya karanta layi biyu, sai ka ga ya fara sosa ƙeya. Littafin wa'azi kaɗai ba zai zaunar da ɗan shekara 12 ba.

To, ku da kuke kai goro arewa kuna dawowa da shadda da turare, littafi 10 ba su kai nauyin turmin atamfa biyu ba. In kun sauka Kano ko Zariya, ku tambayi masu sayar da littattafai, ko tsohon kwafi ne a karɓa. Wanda ya fara kawo shi, ni zan karanta shi a gidan rediyo babi-babi bayan sallar isha'i, in kuma faɗi sunansa da na rumfarsa.