A bar yara su karanta littafin zane

A makon jiya na tarar da wani abokin aikina a wata lakwal ta yankin Gazawa ya ƙwace wa ɗan aji biyar wani yagaggen littafin labarin zane, har da dundu. Laifin yaron, wai yana ɓata lokaci. Na tambayi malamin: cikin ɗalibanka nawa ne suka taɓa ɗaukar takarda su karanta ba ka tilasta musu ba? Ya yi shiru. Wannan ɗaya tilo ne, kuma shi aka daka.

Malamai ƴan'uwana, mu daina ruɗin kanmu. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar ko ɗalibi 1 cikin 10 bai kai matakin karatun da ake buƙata ba a ƙarshen firamare. Daga Agye zuwa Gidan Runji kowa ya san yaron da ya kai ajin CM2 yana rera Faransanci kamar aku, ka ce ya faɗi ma'ana ya tsaya yana susar ƙeya. Mai irin wannan ciwo bai kamata ya raina magani ba.

Ku dubi abin da Turawa ke yi da tsofaffin shirye-shiryensu na talabijin. Doctor Who ya fara a BBC a 1963, Star Trek ya fara a Amurka a 1966. A 2012 kamfanin IDW ya haɗa jaruman gidajen biyu cikin littafin zane guda. A 2014 aka haɗa Batman na shirin 1966 da Green Hornet. Ciniki suke nema, na yarda. Amma dabarar a fili take: uba ya san jaruman tun yana yaro, sai ya sayi littafin, ɗansa ya leƙa, hira ta ɓarke, karatu ya shiga gida.

Mu fa, jarumai muka rasa? Wane dattijo a ƙasar Maraɗi bai san Samanja Mazan Fama da Hausarsa ta bariki ba? Ga Karkuzu, ga Ibro, ga wasannin ƙungiyar Yazi Dogo da muka taso muna kallo a Télé Sahel. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi mai fitowa a Samanja ya bi shi a 2023, kuma yawancin ƴaƴanmu ba su san ko sunansu ba. A zana Samanja ya sauka tashar Gazawa ranar kasuwa, ya yi kiciɓis da Karkuzu kan cinikin buhun gero, a rubuta maganarsu da Hausa. Na rantse kafin a tashi lakwal shafin ya zagaye aji.

Wasu iyaye za su ce hoto wasa ne, ba ilimi ba. To, wayar da ke hannun yaron da dare, yana kallon fim ɗin Indiya da aka juya zuwa Hausa, harafi nawa ta koya masa? Littafin zane ko banza yana tilasta ido ya bi rubutu kafin dariya ta zo. Mu da muka riski mujallar Kouakou a hannun yayyenmu mun san kalmomin da muka tsinta a cikinta ba bulala.

Wasu kuma za su ce babu kuɗi, sannan jaruman suna da masu su. Gaskiya ne, dole a nemi izinin iyalansu a biya su haƙƙinsu. Sai dai tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da harshen gida a Damagaram, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Harshen ƙasar da yaro ba ya da abin karantawa a cikinsa don daɗi, suna ne kawai a takarda.

Kafin hukuma ta farka, ga abin da ke hannunmu. Kowane aji yana da yaron da ke cika bayan littafinsa da zane, muna zaginsa. A ba shi takarda huɗu, aji ya tsara labarin, malam ya gyara rubutu, a kai gida kaka ta faɗi yadda Samanja ke tsawa. Littafin da aka ƙwace kuwa, na karɓo shi na mayar wa mai shi, na ce ranar Litinin ya karanta mana a gaban allo.