Yaron da Aka Hana Fili

Makon jiya ƙanena ya tashi daga Yakasai zuwa Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, don wasan harbi da haske: bindiga ba harsashi, riga ce ke ƙirga harbin. A Dallas ta Amurka aka buɗe shahararren filinsa a 1984.

Dattawan gidanmu suka ce shiririta ce. Ban yarda ba. Ai 'yan dambe sun daɗe suna keta garuruwa bayan kaka, neman sabon abokin karawa.

Abin tambaya shi ne: ina dandalin da muka yi langa a cikin badala? Shaguna sun cinye. Yaron da aka hana fili, mai hali ya yi nisa, maras hali ya faɗa daba. Iyayenmu masu unguwanni, a ceto filin da ya rage.