Majalisar Jamus da Masu Yawon Buɗe Ido

A 1933 aka cinna wa ginin Reichstag na Berlin wuta, Hitler ya fake da gobarar ya murƙushe 'yan adawa. Da majalisar dokokin Jamus ta koma cikinsa a 1999, mai zanen gine-gine Norman Foster ya riga ya ɗora masa ƙubbar gilashi, inda baƙo ke hawa kyauta, ya leƙo zauren da ke ƙasa. A ganina wannan shi ne daidai, domin wanda ya ga kujerun da ake tsara masa haraji a kansu ya fi samun ƙarfin zuciyar tambayar wakilinsa, wakilin ma ya san ana kallonsa. Masu fargabar tsaro suna da hujja, amma ba a shiga sai an yi rajista da suna, an nuna katin shaida, an bincike kaya. Waɗanda suka kutsa matakalar ginin a Agustan 2020 masu zanga-zanga ne da suka tsallake shinge, ba baƙin da suka bi layi ba. Wasu kuma na cewa hoto kawai ake zuwa ɗauka. To, ko da hakan ne, ɗalibin da ya zauna ya saurari muhawara ya ƙaru. Ya kamata kowace majalisa ta ware wa jama'a lokacin ziyara.