Kowa Da Hausar Garinsu

Maganar wannan mako a kan wata ɗabi'a ce da ta yi yawa ga samari, har ta fara taɓa dattijai, watau yi wa mutum dariya saboda irin Hausar da ya buɗe baki da ita.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Mai'adua ran Lahadi ya san ba Hausa ɗaya ake yi a cikinta ba. Ga Badauri mai masauki, ga Bakatsine, ga Bakano ya zo sarin dabbobi, ga mutanen Matamaye da Magarya da Damagaram sun ƙetaro ta Kwangwalam. Wannan ya ce biyar, wancan ya ce biyal, Basakkwace ya ce biyat, alhali duk yatsun hannu guda suke ƙirgawa. Bakano ya ce fili, mutumin yamma ya ce hili. Wani ya ce na ba shi nasa, wani ya ce nashi. Bazazzagi kuwa bai damu da raba namiji da mace a magana ba, sai ya ce matana inda Bakano zai ce matata. Tun kaka da kakanni haka ake ciniki, ba a taɓa jin saniya ta ƙi sayuwa don wannan ba. Sai yanzu ne yaro zai yi shekara shida a makarantar boko, ya dawo ya tsaya gaban sa'an kakansa yana gyara masa baki, wai abin da ya faɗa ba Hausa ba ce.

To, ya kamata irin wannan yaro ya san inda Hausar littafinsa ta fito. Mutane ne suka zauna suka zaɓe ta. A 1934 aka buga babban ƙamus na Bargery, wanda ya tattara kalmomin ƙasashe da dama, har yakan nuna wannan ta Katsina ce, wannan ta Sakkwato. A watan Janairu na 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya, Malam Abubakar Imam yana edita. A 1955 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa hukumar kula da harshen Hausa. Da yake maɗaba'a ba ta iya buga kalma ɗaya iri huɗu, dole a tsai da guda, sai aka jingina ga Kananci, don Kano ce cibiyar ciniki, kuma Hausarta ta fi yaɗuwa. Wannan shawara ce mai kyau, ba mai musun amfaninta. Amma fa ma'auni ne aka yi don takarda, kamar yadda sarkin kasuwa ke tsai da mudu ɗaya don kada a yi rigima. Tsai da mudu bai mai da geron wani gari ƙaiƙayi ba.

Abin mamaki ma shi ne almajirin da ke yin wannan dariya. Waƙoƙin wa'azi da yake haddacewa, na zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, da na 'yarsa Nana Asma'u, da na ɗansa Isan Kware, ai da Hausar yamma aka rubuta su. Cike suke da munka da sunka da shina, inda Bakano zai ce muka da suka da yana. Wanda ya ce zai gyara su zuwa Kananci sai ya karya ma'aunin baiti. Ajami bai taɓa tilasta wa kowa Hausar wani gari ba, malami yana rubuta abin da bakinsa ya furta ne, shi ya sa mai idon sani in ya ɗauki tsohuwar takarda yakan gane ƙasar marubucinta. Kuma masu allo sun fi kowa sanin cewa saɓani ba kuskure ba ne: ga Warshu, wanda aka gada a tsangayu, ga Hafsu, sun saɓa wajen furta kalmomi tun daga Fatiha, duka biyu kuwa ingantattu ne.

Turawan da suka kawo boko su ma ba su tsira ba. Ingila da Sikotlan sun haɗu ƙarƙashin majalisa ɗaya tun 1707, amma har yau in mutumin Gilasgo ya saki baki, mutumin Landan sai ya kasa kunne sosai kafin ya kama zancen. Mawaƙin da mutanen Sikotlan suka fi girmamawa, Robert Burns, wanda ya mutu a 1796, da karin harshen ƙasarsu ya yi suna, kuma kowace shekara ran 25 ga Janairu suna taron tunawa da shi.

Inda hatsari yake na gaskiya, wanda masu dariya ba su ko lura da shi, shi ne wajen kuɗi. Da Ingilishi da Faransawa suka shata iyaka bisa yarjejeniyarsu ta 1904 da ta 1906, sai 'yan uwa suka rabu, kowane ɓangare ya ari kalmomin mai mulkinsa. Nan a ce kwastan, can a ce duwan. Nan ofis, can biro. Waɗannan masu sauƙi ne, da an ji sau biyu an riƙe. Mai wuya ita ce kalmar da baki ɗaya ne amma ciki biyu. A Nijar ba a ƙirga sefa da ɗaiɗai, da dala ake yi, dala guda kuwa sefa 5 ce. Saboda haka in Badamagare ya ce ɗari, sefa 500 yake nufi, in ya ce jikka, sefa 1,000. A wannan gefe kuwa jaka a da fam 100 ce, da aka canja kuɗi a 1973 ta koma naira 200, kuma har yanzu akwai dattijan da ke lissafi da ita. Ga kalma guda, ga adadi biyu, ga kuɗin ƙasa biyu. Sabon ɗan kasuwa da ya ji an ce jikka ɗari uku a kan bijimi, ya yi saurin cewa ya saya bai tambaya ba, shi da mai bijimin ba abu ɗaya suka ƙulla ba.

Malaman fiƙihu na Malikiyya sun sharɗanta cewa kuɗin ciniki ya zama sananne ga mai saye da mai sayarwa. Cinikin da kowa ya tashi da nasa adadin a zuci bai cika wannan sharaɗi ba, ko an tafa hannu, ko an ce albarka an koma an sallama. Don haka dillali nagari ba ya barin a watse sai ya maimaita kuɗin a gaban shaidu, ya ambaci naira ce ko sefa, in sefa ce ya faɗe ta da dala, ya kuma sa a rubuta lambarta a takarda. Wanda zai ba da bashi zuwa wata Lahadi ya fi kowa bukatar haka, don canji yakan tashi ko ya faɗi kafin mako ya zagayo, sai a faɗi tun ranar da wane kuɗi za a biya.