Sayen Gida: A Duba Takarda Kafin A Taya

Babu wani buri da ya fi zama a zuciyar ma'aikacin gwamnati kamar ya ga ranar da zai fita daga gidan haya ya shiga nasa na kansa. Tun daga shekarar 2003, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta mayar da haƙƙin gida ya zama kuɗi cikin albashi, ta kuma shiga sayar da gidajenta, wannan nauyi ya koma wuyan ma'aikaci ɗungurungum. Abin baƙin ciki shi ne, da yawa daga cikin masu sayen gidan farko sukan ƙare ƙarfinsu wajen neman ragi, su manta da abin da ya fi farashi muhimmanci, watau ko mai sayarwa yana da ikon sayarwa.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna, amana ga jama'a. Abin da mai gida a birni yake riƙe da shi izinin zama ne, wanda galibi ake bayarwa na shekara 99. Sashe na 22 na dokar ya hana mai irin wannan izini ya sayar ko ya jinginar ba da yardar Gwamna ba, sashe na 26 kuwa ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. Saboda haka takardar da aka rubuta a zaure gaban mai unguwa da shaidu tana da amfaninta, amma ita kaɗai ba ta isa ba.

Matakin farko ke nan, kafin a ce an taya, mai saye ya karɓi lambar takardar mallaka ya kai ta ofishin filaye a bincika. Kaduna tana da KADGIS, Kano tana da KANGIS, Abuja kuwa AGIS. A can ne za a gane ko sunan da ke cikin rajista shi ne na mai sayarwa, ko an jinginar da gidan a banki, ko ana bin sa bashin harajin fili. Kuɗin wannan bincike da ladan lauya ba su kai komai ba idan aka kwatanta da asarar tarin shekara ashirin.

Gidan gado yana bukatar ƙarin hattara. Sau da yawa babban ɗa yakan sa gida a kasuwa alhali ba a raba gado ba, ko kuwa akwai mata da marayu da ba a shawarta ba. Bayan shekaru sai sammaci ya iso. Lalle ne mai saye ya nemi takardar rabon gado daga kotu, kuma kowane magaji ko wakilinsa ya sa hannu.

Sai an gama wannan ne ake zama ciniki. Dillali yana da amfani, domin shi ya san inda gidaje suke, amma la'adarsa tana ƙaruwa ne idan farashi ya hau, kuma akwai masu ɗora nasu a kan abin da mai gida ya faɗa. Ya kamata mai saye ya nemi zama ido da ido da mai gidan, a kuma yanke la'ada da wanda zai biya ta tun kafin a sallama. Ya tambayi nawa aka sayar da gidaje irinsa a unguwar. Ya tafi da magini ya duba tushe da rufi, don a gane ko ginin ƙasa ne aka shafe da siminti. In da hali ya ga gidan a tsakiyar damina, lokacin da kwata da rufi suke faɗin gaskiya. Kowane aibu da aka gano hujja ce ta neman ragi. Duk wanda aka ce masa ya biya yau domin wani yana tafe da kuɗi gobe, to, ya tuna sauri ya haifi nawa. Kafin alƙalami kuma kada a ba da shi sai da rubutu mai bayyana yadda za a mayar idan ciniki ya warware, biyan kuwa ya bi ta banki.

Game da kuɗin saye, ma'aikata da yawa ba su san haƙƙinsu ba. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana karɓar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, kuma mai zubi yana iya neman rance ta hannun Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya, a biya cikin shekaru har 30. Daga 2022 kuma hukumar fansho ta ba da dama a yi amfani da kashi 25 cikin ɗari na ajiyar fansho a matsayin kason mai saye. Amma fa babu bankin da zai ba da rance a kan gidan da ba shi da sahihiyar takarda. A nan ma takarda ce gaba.

Gwamnatocin jihohi su ma suna da nasu aikin. Muddin neman yardar Gwamna yana cin watanni da kuɗi masu yawa, talaka zai ci gaba da gudun ofis, 'yan damfara kuma su ci gaba da sayar da gida ɗaya ga mutum biyu. Wannan jarida tana kira ga hukumomin filaye su rage kuɗin, su ƙayyade wa'adi, su kuma wallafa ƙa'idodin da Hausa. Ƙungiyoyin ma'aikata su ma su wayar da kan 'ya'yansu, ɗalibai kuwa su fahimci wannan tun kafin su fara karɓar albashi.

Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Gida nagari shi ne wanda mutum zai bar wa 'ya'yansa ba tare da ya bar musu shari'a ba.