Bayan badaƙalar PIP a Faransa: wane awo mace za ta zaɓa idan za a canza mata jakar nono?

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu da ƴan uwanmu mata na kasuwa, yau za mu leƙa ƙasar Faransa kan wata magana da ake jin nauyin faɗinta a bainar jama'a, amma duk wanda ya taɓa sayen kaya da sunan na gaske ya iske jabu ne zai gane ta nan take. Maganar jakar silikon ce, wadda likitoci ke sakawa cikin ƙirjin mace don ƙara girman nono, ko don maye gurbin wanda aka yanke saboda ciwon kansa.

Fiye da shekaru 15 ke nan da asirin kampanin PIP ya tonu. Wani mutum mai suna Jean-Claude Mas ne ya kafa shi a 1991 a kudancin Faransa, masana'antar tana garin La Seyne-sur-Mer kusa da Tulon. Kampanin ya bunƙasa har ya zama na uku a duniya a wannan sana'a, yana fitar da jaka kimanin 100.000 a shekara, mafi yawansu zuwa ƙasashen waje, musamman Kudancin Amurka. A watan Maris na 2010 hukumar lafiya ta Faransa ta janye kayan daga kasuwa, bayan likitoci sun yi ta kukan cewa jakunkunan suna fashewa fiye da kima. Da aka bincika sai aka iske ba silikon na asibiti ne a ciki ba, na masana'antu ne, wanda ba a taɓa yarda a sa shi cikin jikin ɗan Adam ba.

Lissafin kuwa ba boyayye ba ne ga ɗan kasuwa. Silikon na gaske mai suna Nusil yana kai wa euro 35 lita guda, haɗin da Mas ke yi kuma bai wuce euro 5 ba. Shi da bakinsa ya gaya wa masu bincike cewa kashi 75 cikin 100 na kayansa da wannan haɗi ake cika su. Akwai kampanin Jamus, TÜV Rheinland, da ke zuwa duba masana'antar yana ba ta hatimin inganci na Turai. To amma sai ya sanar da ranar zuwansa tun da wuri, su kuma ma'aikata su kwashe gangunan jabu da takardu su ɓoye. Irin wannan wasa ba sai an yi wa ƴan Kasuwar Dole ko babbar kasuwar Maraɗi bayaninsa ba. Bambancin kawai, wannan kayan ba a kan tebur ya ƙare ba, cikin jikin mata wajen 400.000 ya shiga, a ƙasashe fiye da 60.

A watan Disamba na 2013 kotun Marsai ta yanke wa Mas ɗaurin shekaru 4 da tarar euro 75.000, wato miliyan 49 da ɗoriya na sefa, a shari'ar da mata sama da 7.000 suka shigar da kansu a matsayin masu ƙara. Ya rasu a watan Afrilu na 2019. Da yake kampanin ya karye, babu abin da za a tatsa daga gare shi, sai matan suka juya kan TÜV. A 2017 kotun kasuwanci ta Tulon ta umarce shi ya ba mata 20.000 euro 3.000 kowace, kusan miliyan 2 na sefa, kafin a gama lissafin diyya. Kotun ɗaukaka ƙara ta Paris a 2021, sannan kotun ƙoli a 2023, sun ce an yi sakaci a aikin binciken. Shi dai TÜV yana kan bakansa cewa shi ma yaudararsa aka yi.

Wannan shi ne ɓangaren da gidajen rediyo suka fi bayarwa. Ɓangaren da ba a cika taɓawa ba shi ne abin da ya biyo baya a ɗakin likita. A Disamba na 2011 gwamnatin Faransa ta shawarci mata 30.000 da ke ɗauke da kayan PIP su je a cire musu. Asusun lafiya na ƙasa ya ɗauki kuɗin cirewa, amma kuɗin saka sabuwa sai ga waɗanda aka yi wa aikin saboda kansa. Sauran kowa ta nemi nata. Nan ne dubban mata suka fuskanci tambayar da ba su shirya mata ba: a mayar da awon da, a ƙara, a rage, ko a bar wurin haka nan?

Kuma kada a ɗauka sai mai jabu ce ke komawa. Hukumar FDA ta Amurka ta daɗe tana faɗin cewa jakar nono ba kayan har abada ba ce. A rahotonta na 2011 ta ce cikin mata biyar da suka yi aikin don ado, ɗaya ana cire mata jakar kafin shekaru 10 su cika. Wato yarinyar da aka yi wa tana da shekaru 25, ta sa a ranta cewa akwai aiki na biyu a gaba, wataƙila har da na uku. Mai tallar aikin ba shi da riba cikin faɗin wannan.

To yaya ake awon? Ba da lambar rigar nono ake yi ba, domin lambar kowane kampani daban take, kamar yadda tiyar wannan kasuwa ba lalle ta zo daidai da ta waccan ba. Da santimita kubik ake aunawa, abin da likitoci ke kira sese. Sese 1.000 shi ne lita guda. Ledar ruwan sanyi ta rabin lita da yara ke yawo da ita, sese 500 ke nan, nauyinta rabin kilo. Silikon ma kusan haka nauyinsa yake. Saboda haka macen da ta zaɓi 500 a kowane gefe, kilo guda ta ɗora wa ƙirjinta, dare da rana, ba saukewa. Mai ɗaukar tire a ka tana sauke shi da yamma ta huta. Fatar ƙirji ba ta samun wannan hutu.

Likitan da ya san aikinsa ba ya farawa da tambayar nawa kike so. Faɗin gindin nono yake fara aunawa, wanda ga yawancin mata yana tsakanin santimita 11 zuwa 14, domin jakar da ta fi wannan faɗi za ta zarce zuwa hamata ko ta tura zuwa tsakiyar ƙirji. Sannan ya matsa fatar sama da yatsu biyu ya ga kaurinta. Idan ba ta kai santimita 2 ba, akan fi son a sa jakar ƙarƙashin tsoka don kada gefenta ya fito fili. Akwai kuma jakunkuna masu faɗi ɗaya amma tudunsu ya bambanta, wata shimfiɗaɗɗiya, wata mai tsini. Ke nan jikin mace ne ke yanke iyakar abin da zai iya ɗauka, ba hoton da ta gani a wayar salula ba.

A aiki na biyu kuwa lissafin ya fi wuya, kuma nan nake so a tsaya a saurara. Duk baƙon abu da aka sa cikin jiki, jiki yakan saƙa masa wata fata ta tabo ya kewaye shi. Wannan ita ce aljihun da jakar ke zaune ciki. Bayan shekaru, aljihun ya riga ya ɗauki siffar tsohuwar jaka, naman nono ya yi siriri saboda matsi, fata ta miƙe, ga haihuwa da shayarwa da ƙiba ko rama sun yi nasu aikin. Likitan farko sabon yadi ya samu ya yanka. Na biyu tsohuwar riga aka kawo masa gyara, kuma kowane tela ya san wanne ya fi ci rai.

Idan mace ta ce a ƙara, sai an faɗaɗa aljihun. Nauyi ya ƙaru a kan fatar da ta riga ta gaji. Abin da ke biyo baya sananne ne ga likitoci: jakar ta zame ƙasa ta bar kan nono yana kallon sama, ko a riƙa ganin yamutsewarta ta cikin fata, ko aljihunan biyu su haɗe a tsakiya. Mata da yawa suna zaton babbar jaka za ta ɗaga nonon da ya kwanta. Ba ta ɗagawa. Cika shi take yi na ɗan lokaci, sannan nauyinta ya ƙara janyo shi ƙasa. Gyaran kwanciya wani aiki ne daban, na yanke fatar da ta yi yawa, kuma yana barin tabo.

Idan ta ce a rage, nan ma tsuguni bai ƙare ba. Ku ɗauki buhun da ya saba cin tiya 40, a zuba masa 25. Zai yi laƙwas, hatsin yana yawo ciki. Haka ƙaramar jaka ke yi cikin babban aljihu: in mace ta kwanta sai ta gangara gefe. Dole likita ya ɗinke aljihun daga ciki ya matse shi, sau da yawa kuma ya haɗa da ɗaga fata. Ragi kaɗan fata mai ƙarfi tana iya bin sa da kanta. Ragi mai yawa ba ya tafiya ba tare da ƙarin ɗinki ba, ƙarin ɗinki kuma ƙarin kuɗi ne.

Ko da awon da aka mayar, ba a tabbatar da siffar da ba, tunda jikin ya canza. Sannan ga matsalar da ta fi kowace mayar da mata asibiti, wato fatar tabon ta ƙanƙance ta shaƙe jakar, nono ya yi tauri kamar ɗanyen mangwaro, wani lokaci da zafi. Binciken da kampanonin suka miƙa wa FDA ya nuna wannan ta fi samun waɗanda aka yi wa aiki na biyu fiye da na farko. Binciken ya kuma nuna cewa son canza awo na cikin manyan dalilan komawa ƙarƙashin wuƙa. A ganina wannan shi ne abin takaici a cikin maganar, domin shi ne dalilin da aka fi iya kauce masa da shawara mai kyau tun farko. Likitoci suna da jakunkunan gwaji da ake sawa cikin riga a duba madubi. Wasu ma sukan ce mace ta auna shinkafa daidai sesen da take so, ta ƙulle cikin safa, ta yini da ita tana aikinta. Gwajin da bai kai jika guda ba, ga aikin miliyoyi.

Awo ba shi kaɗai ne abin dubawa ba, har da irin bayan jakar. Akwai mai santsi, akwai mai kaushi. An gano cewa mai kaushi sosai tana da alaƙa da wata kansa ta ƙwayoyin garkuwar jiki da ke tsirowa cikin fatar tabon. Ba ta da yawa, amma ta kashe mata. Faransa ta hana irin waɗannan a watan Afrilu na 2019, a watan Yuli kuma kampanin Allergan ya janye samfurinsa na Biocell daga duniya baki ɗaya. Hukumomin ba su ce duk mai ɗauke da ita ta je a cire ba. Sun ce wadda ta ga nono ɗaya ya kumbura haka kawai bayan shekaru, ta gaggauta ganin likita.

Wani zai ce ina ruwanmu, mu da ke fama da tsadar shinkafa da kuɗin haya? Gaskiya ne, mafi yawanmu ba mu da miliyoyin da za mu kai wa wannan. Amma Tunis da Istanbul, inda ake tallar aikin haɗe da masauki na mako guda, garuruwa ne da ƴan kasuwarmu suka san hanyarsu, tallar kuma tana shigowa har cikin ɗaki ta Facebook da TikTok. Ga kuma kansar nono, wadda ita ce kan gaba cikin kansar mata a ƙasarmu. Wadda aka yanke wa nono ta samu halin fita waje, za a iya yi mata tayin jakar, kuma ita ba ado ya kai ta ba. Ta cancanci ta san abin da za ta tambaya.

Abu na farko shi ne katin jakar. Kowace jaka ta gaske tana zuwa da sunan kampani, lambar kaya da yawan sese, kuma dokar Turai ta wajabta a ba majinyaci wannan kati. Lokacin rikicin PIP, mata da yawa a Ingila da Kudancin Amurka ba su ma san abin da ke jikinsu ba, wasu asibitocin sun rufe, takardu sun ɓace. Likitan da zai yi aiki na biyu ba tare da sanin awon farko ba, lalube zai yi sai ya buɗe. Hajiyar da ba ta karɓar dila guda ta atamfa ba tare da takardar shaida ba, bai kamata ta baro asibiti hannu rabbana ba.

Na biyu, wa zai duba ta bayan ta dawo? Jakar silikon tana iya fashewa shiru, ba zafi ba alama. Shi ya sa FDA ke ba da shawarar a yi hoton ekogarafi ko na IRM bayan shekaru 5 zuwa 6, sannan duk bayan shekaru 2 zuwa 3. Farashin da ake rubutawa a talla na aikin farko ne kawai. Ba a lissafa tikitin komawa, da biza, da waɗannan hotuna, da aikin gyara wanda yawanci ya fi na farko tsada saboda ya fi shi daɗewa.

Su kuma masu cewa za su yi ta da araha, da allurar silikon na ruwa a bayan shago, wannan ya fi na Mas muni. Nasa aƙalla yana cikin jaka, ana iya ciro ta. Na allura yana bazuwa cikin nama, yana iya bin jini ya toshe huhu, kuma babu likitan da zai iya kwashe shi duka. FDA ta yi gargaɗi a kansa a 2017. Man shafawa da ake sayarwa da sunan ƙara nono kuwa, babu wani sese da yake ƙarawa sai a aljihun mai sayarwa.

Akwai zaɓi na huɗu da matan PIP da dama suka ɗauka: a cire, a ɗaga fatar idan da hali, kada a sake sa komai. Wasu kuma akan ɗebo kitse daga cikinsu ko cinyarsu a cika wurin, ko da yake jiki yana shanye wani kaso nasa, kuma ƙarin da yake bayarwa kaɗan ne. Asibitin da ke cin riba daga sayar da jaka ba lalle ya fara kawo wannan zaɓi ba, sai mace ta tambaya da bakinta.